Fushina a Ajin Talata

Litinin, 8 ga Oktoba, da yamma

Ba wanda ya sa ni rubutu. Aji uku na yi kafin ubana ya ja ni maƙera, kuma hannun da ya yi shekara hamsin yana ƙera wuƙa a garinmu Taal bai san biro ba. Amma a gidan nan na Nagoya, a Japan, ba mai jin maganata, ga bango kamar takarda, in na yi tari maƙwabci ya sani. Sai in faɗa wa littafin nan, shi ba ya sunkuya mini ya gudu.

Ni ne Takyo Dimaculangan, kuma 'yata na zo ɗauka. Kowa ya ji. Minyang tana asibiti tun abin da ya same ta a kicin. Likita ya faɗi sunan abin, ba zan rubuta shi ba. Abin da na sani, da ta farka, Japanancin da ta yi shekara ashirin da biyar tana yi ya tafi. Yarenmu ne ya rage, shi ma ɗaiɗai. Mijinta Okabe ba ya jin ko kalma. 'Yarsu Chinatsu ba ta iya mayar da amsa. Sai a lokacin aka tuna Minyang tana da uba.

Da za a aure ta, ba wanda ya tako gidana neman aure. Da aka binne uwarta Luming, ita kaɗai ta zo, ta yi kwana uku ta koma. Tun ranar ban ƙara ɗaukar wayarsu ba. Kwalayen sabulu da alawa da suke aikowa suna nan jibge a ɗakin Luming, ban yanke igiyar ko ɗaya ba. Yanzu ga tikitin jirgi har gida.

Ƙarshen Nuwamba asibiti za ta sallame ta, takardar zamana ma lokacin za ta ƙare. Okabe yana maganar gidan da ake ajiye marasa lafiya. A can wa zai ji ta in ta ce ruwa? Tare za mu koma lardinmu Batangas.

Laraba, 10 ga Oktoba, da azahar

Okabe wayarsa yake yi wa magana, ita kuma ta maimaita mini da yarenmu, da muryar wata 'yar Manila, babban birninmu. Wato surukina sai ya bi ta bakin mace kafin ya gaishe ni.

A asibiti Minyang ta ce mini, "Tatay, sanyi." Tatay baba ke nan da yarenmu. Na ja mata bargo. Ta ce, "Kifi." Na ce ina na ga kifi a garin da in ka soya busasshe ɗaya maƙwabta sai su zo ƙofa da fuskar jana'iza? Gefe ɗaya na bakinta ya yi dariya. Ba zan rubuta ɗaya gefen ba.

Sai ga yarinyar, Chinatsu, ta shigo. Shekararta sha tara, tana jami'a, doguwa, idon Luming sak. Ta sunkuya mini ta ce Ojiisan, wai kaka ke nan da yarensu. Ni ba Ojiisan ba ne. Jikokin da suka san gidansu Lolo suke cewa, su ɗauki hannunka su ɗora a goshi. Ita dai ta ajiye lemo a tebur, ta zauna can bakin ƙofa, gwiwa a haɗe kamar mai jiran kira a kotu. Tana shigowa Minyang ta juya fuska bango. Yarinyar ta jira, ta jira, ta tashi ta sunkuya wa bayan uwarta ta fita a hankali. Nas ta ce da wayarta mara lafiya tana son hutu, a ƙyale ta.

Ni na haifi wannan bayan. Na san ba hutu ba ne. Ban faɗa musu ba.

Lahadi, 14 ga Oktoba, bayan coci

Akwai cocin da mutanenmu suke taruwa. Bayan an tashi wata mace ta tare ni, mai tabarau, za ta kai arba'in.

"Tatay Takyo ko? Tun daga kujerar baya na ji addu'arka. Na ce wannan ko ɗan Batangas ne, ko faɗa ake yi."

"Ke kuma 'yar Manila ce. Rabin bakinku Turanci."

"Rabi ma ka rage mini."

Sunanta Malama Tolentino. Yarenmu take koyarwa a jami'a, sai dai a can ba Tagalog suke ce masa ba, Filipino. Ajinta na Talata na yaran da uwayensu 'yan ƙasarmu ne, ubanninsu 'yan nan. Kunne yana ji kaɗan, baki ba ya motsi. Chinatsu ta shiga ajin tun satin da aka kwantar da uwarta. Wai in riƙa zuwa ina zama, yara su ji yadda tsoho yake magana.

Na ce, "Yaren da uwa take bayarwa kyauta da nono, shi za a koya a kan kujera da allo?"

Ta ce, "Wanda ba a ba shi da nono ba fa, Tatay? Ya zauna da yunwa?"

Na ce ba ni zuwa.

Litinin, 15 ga Oktoba, da safe

Ba ni zuwa.

Talata, 16 ga Oktoba, da la'asar

Na je don in ga shirmen da idona, ba don komai ba.

Yara goma sha wani abu, kowa da littafi mai hoto. Malama ta faɗa su maimaita. Nawa ne kifin nan? Ya yi tsada, a rage mini. Ina tashar jirgi take? Sunana wane, ina son wasan ƙwallo. Kamar kwaɗi bayan ruwa. Na ce da ƙarfi, "Macen da ke kwance a gado za a tambaya tashar jirgi?" Chinatsu ta sunkuyar da kai. Ashe tana ji.

Malama ta rufe littafi, ta ce kowa ya faɗi magana ɗaya da ya tuna daga bakin uwarsa, wadda ba a littafi ya gani ba. Wani mai gashi ja kamar zakara ya ce, "Kashe wutar nan, ubanka ne mai kamfanin lantarki?" Kuma da lafazin 'yan Bisaya na ƙasarmu tsaf, har da ɗaga gira. Aji ya fashe. Wata ta ce, "Zan ƙirga uku." Wani ya ce, "In na zo na samo shi da kaina, ka shiga uku." Wata ta ce, "Ka ci abinci?" Ba wanda ya yi dariyar wannan.

Duk gadon da suka samu faɗa ne da abinci. To ai shi ne yaren, sauran ado ne.

Da aka zo kan Chinatsu ta daɗe, sannan ta ce, "Kar ki faɗa wa kakarki." Malama ta wuce kan na gaba da sauri. Kakar da ake nufi uwar Okabe ce, wadda ta hana a yi yarenmu a gidanta. Ta mutu bara. Ban yi mata addu'a ba, ba kuma zan yi ba.

Gahawar jami'a ruwan wanke kofi ce.

Juma'a, 19 ga Oktoba, da yamma

Na zaunar da Okabe na ce wa matar da ke cikin wayarsa ta faɗa masa: a Taal akwai gida, akwai rana, akwai 'yan'uwa mata da za su juya Minyang su yi mata wanka suna gulma a kanta. A nan me kake da shi? Kana fita da duhu ka dawo da duhu. Ya saurara, hannu a gwiwa. Ya rame, rigarsa ba guga. Ba ruwana.

Wayar ta ce, "Minyang ce za ta zaɓa. Idan ta ce ƙasarsu, zan kai ta da kaina. Idan akwai wanda zai ji maganarta a nan, za ta dawo gida."

Na yarda nan take. Wa zai ji maganarta a nan? Mai tashar jirgi? Minyang ko kallon yarinyar ba ta yi.

Na ci nasara tun ba a fara ba. Na soya busasshen kifi, na buɗe taga.

Talata, 23 ga Oktoba, da azahar

Yau lokutan agogo da ranakun mako. Na yi barci a kujera da gangan.

Alhamis, 25 ga Oktoba, da hantsi

Na tambayi Minyang me yarinyar ta yi mata. Ta daɗe tana neman kalma. "Na kira ta," in ji ta. "Ta ja baya. Ta kira nas." Ranar da ta farka ke nan. Ta miƙa hannun da ke motsi, ta yi magana da yaren da ta samu a bakinta, 'yarta ta tsorata ta ja da baya.

Shi ke nan laifin. Ni dai ban ce mata ta huce ba.

Talata, 30 ga Oktoba, da la'asar

Matar nan maciji ce mai tabarau.

Ta ce yau ba littafi. Ta rubuta tampo a allo, ta ce wa ya san shi. Duk suka sani, ba su dai san sunansa ba. Fushin da ba a faɗa, uwa ta yi shiru ta juya baya, ka tambaye ta ta ce ba komai. Mai jan gashi ya ce uwarsa ta taɓa yin sati biyu, ubansa ya ɗauka tana son a bar ta ta sarara, ya koma kwana a falo, sai ta ƙara sati biyu.

Malama ta ce, "Za mu gwada lallashi. Muna bukatar mai fushi. Tatay, kai ba sai ka yi shiri ba."

Aji ya yi dariya. Na ɗauki kujerata na juya ta bango na zauna, na harɗe hannu. In fushi ne, su zo su ga na ainihi.

Na farko ya tsaya daga nesa ya sunkuya, ya ce, "Ka yi haƙuri, na yi kuskure." Ya koma wurinsa. Ta biyu ta ce, "Me na yi maka, ranka ya daɗe?" Na uku ya ce, "Zan ba ka lokaci." Lokaci. Sai aka kira Chinatsu. Na ji takunta ya tsaya can baya, ta karanto wata doguwar ban haƙuri da ta haddace, kowace kalma a goge kamar ta mai labaran rediyo, ta ja baya.

Ban san lokacin da na juyo ba. Na ce, "Kai, ku duka ba ku da uwaye ne? Wa ya ce muku ana ba mai fushi haƙuri? In ka ba shi haƙuri ka sallame shi ke nan. Wa ya ce a tambaye shi laifi? In ba ka san laifinka ba, wannan laifi na biyu ne. Zuwa ake yi a zauna jikinsa har a matse shi. Ya ture ka, ka dawo. Ka kawo abinci, ya ƙi ci, ka ci a gabansa kana tauna da ƙarfi. Ka yi ta zuba, ko shirme ne, ba ma'anar ake so ba, muryar ake so. Ka taɓa shi. Ka tsefe masa kai, ka cire masa furfura. Kuma ba a tafiya. Ku da an juya muku baya sai ku sunkuya ku fita, ku ce ladabi. Wanda ya juya baya ƙirga takunka yake yi zuwa ƙofa."

Malama tana mayar musu da Japananci, ba ta bar ko kalma ba. Yarinyar tana rubutu kamar hannunta zai karye. Sai a lokacin na gane abin da na yi.

A ƙofa na ce wa Malama, "Tarko kika ɗana mini."

"Ni? Darasi na shirya tun watan Yuli, Tatay. Kai ne ba ka iya ganin ana ɓata aiki ka yi shiru."

"Zan tafi da 'yata."

"Wataƙila. Amma in ka tafi da ita ba su shirya ba, kai za ka yi jinyar wannan fushin har ka mutu. Ka fi kowa sanin daɗewarsa."

Na wuce abina.

Alhamis, 1 ga Nuwamba, da safe

Yau ranar matattu. A gida yanzu maƙabarta ta cika, an share kaburbura, an kunna kyandir, ana cin abinci a kan dutse ana hira da su. Tun da aka binne Luming ban taɓa fashi ba sai bana. Na kunna kyandir a nan, wani abu mai jin hayaƙi a rufin ɗaki ya fara ihu, Okabe ya fito da gajeren wando yana fifita iska da jarida. Ko matattu ba a bari su huta a ƙasar nan.

Luming, zan kawo miki ita. Ki jira.

Asabar, 3 ga Nuwamba, da la'asar

Yarinyar ta shigo yau ba lemo. Ta wuce kujerar bakin ƙofa, ta hau gadon da kansa ta zauna jikin uwarta. Minyang ta juya bango. Yarinyar ta buɗe baki, ta rufe. Ba ta da shirmen da za ta yi, don ba ta da kalmomi. Na ji daɗi.

Sai na ji ta ce wa ƙeyar uwarta, "Nawa ne kifin nan?"

Minyang ba ta motsa ba. Yarinyar ta ci gaba.

"Ya yi tsada. A rage mini."

Ta yi darasi na ɗaya har ƙarshe, ta shiga na biyu. Sunana Chinatsu. Ina son wasan ƙwallo. Yau Talata ce, gobe Laraba. Alhali Asabar ce. Minyang ta ture ta da gwiwar hannu. Ta kusa faɗowa, ta gyara zama ta ci gaba. Har nas ta zo ta ce lokaci ya yi.

Ba za ta jure ba. 'Yan nan ba su da naci.

Litinin, 5 ga Nuwamba, da yamma

Ta dawo. Tashar jirgi da ranakun mako.

Talata, 6 ga Nuwamba, da azahar

A aji ta tambayi Malama yadda ake cewa "matsa mini" da "ƙafarki sanyi". Ban taimaka ba. Na dai gyara mata lafazi, don kunnena ya gaji.

Alhamis, 8 ga Nuwamba, da la'asar

Tana ta ƙoƙarin cire wa uwarta furfura da farce, tana tsinko baƙi. Abin ban haushi. Da zan tafi na manta hantsakin gemuna a kan tebur, wanda na ƙera da kaina.

Mantawa na yi.

Lahadi, 11 ga Nuwamba, bayan coci

Malama ta tambaye ni ya jiki. Na ce jikin wa? Ta ce na duka ukun. Na ce ta je ta koya wa yaranta tashar jirgi.

Laraba, 14 ga Nuwamba, da la'asar

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Ta zo da shinkafa da busasshen kifi a leda, ta soya da kanta a gida, ta ƙona shi. Ɗakin asibiti ya ɗauki wari. Ta miƙa, Minyang ba ta juyo ba. Sai ta zauna tana ci tana tauna da ƙarfi kamar akuya, yarinyar da ko shan ruwa take yi sai ta kare baki. Ta gama ta ɗauki hantsaki, ta raba gashin uwarta, tana cire furfura tana jerawa a bayan hannunta.

"Gafara dai, baiwar Allah," in ji ta, "ina tashar jirgi take?"

Kafaɗar Minyang ta fara rawa. Na ɗauka abin ne ya dawo, na miƙe. Sai ta juyo, a hankali, da ƙyar, ta kalli yarinyar sama da ƙasa.

"Wawiya," ta ce. "Wace tasha? Kifin ma kin ƙona."

Yarinyar ta ji. Na ga ta ji, don ba ta kalle ni neman fassara ba. Ta kira ta Inay, yadda muke kiran uwa. Ta ce, "Ya yi tsada, Inay. A rage mini."

Na fita. Injin sayar da abin sha na ƙarshen baranda na je dubawa. Na daɗe ina duba shi, yana da maɓallai da yawa.

Juma'a, 16 ga Nuwamba, da yamma

An tambayi Minyang a gaban likita da Okabe da yarinyar. Malama ta zo fassara, don na ce ban yarda da matar cikin waya ba.

Na yi wa Minyang maganar tafkin Taal, da kifin da ake dafawa a tukunyar ƙasa, da gadon uwarta da ke nan a shimfiɗe. Ta saurara tana riƙe da yatsana. Sannan ta nuna yarinyar da leɓe.

"Ba ta iya ba tukuna, Tatay. Wa zai koya mata?"

Na ce akwai jami'a, akwai allo.

Ta ce, "Allo ba ya zagi."

Malama ta yi dariya, ta fassara, likita ya rubuta wani abu. Okabe ya kifa goshi a kan gado. Yarinyar za ta rage darussa wannan zangon, banda na Talata. Za a sa ƙarfen riƙewa a banɗaki.

Sun gama shirinsu. Da hantsakina aka yi.

Asabar, 17 ga Nuwamba, da safe

Ban je asibiti ba. Ƙafata ce.

Lahadi, 18 ga Nuwamba

Ban je coci ba. Ba komai.

Talata, 20 ga Nuwamba, da hantsi

Yanzu suna can suna nawa ne kifi. Ni ina nan, na juya kujera taga. Okabe ya ajiye abinci a ƙofa ya tafi a kan yatsun ƙafa. Haka suka iya. Haka aka yi mini shekara goma sha ɗaya, a ajiye kwali a ƙofa a tafi.

Sau biyu ke nan ƙasar nan tana karɓe mini ita. Na farko ban ba da hannu ba.

Alhamis, 22 ga Nuwamba, da rana

Ban ci ba. Ba na jin yunwa.

Asabar, 24 ga Nuwamba, da la'asar

Yarinyar ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta turo ƙofa da ƙafa, ta ja kujera ta manna da tawa har ta taka mini yatsa. Na kalli taga. Ta ajiye kwanon shinkafa a cinyarta, ta tsiyaya baƙar gahawa a kai kamar yadda muke yi a gida. Ƙamshin ba na jami'a ba ne, namu ne na Batangas. Uwarta ce ta faɗa mata inda ta ɓoye shi, bayan tukwane.

Na matsa. Ta matso. Na ce, "Tashi ki ba ni wuri." Ta ce, "Yau Talata ce, gobe Laraba." Ta kai cokali baki tana tauna kamar za ta fasa haƙori.

Na ce, "Ni za ki yi wa wannan? Ni na koya miki."

"Nawa ne tsohon nan?" in ji ta, tana kallon taga ita ma. "Ya yi tsada. A rage mini."

Wannan ba ya cikin littafi. Na ce wa ya koya mata rashin kunya. Ta ce, "Inay."

Ta ciro hantsakina daga aljihu, ta miƙe ta tsaya a kaina, ta duba ta duba. Ta ce, "Duka fari ne, Lolo. In fara daga ina?"

Ta cire ɗaya, da zafi, ta ɗora mini a gwiwa. Ta cire na biyu. Ba ta tafi ba har rana ta sauka bayan dogayen gidajen nan. Da za ta tashi ta ɗauki hannuna ta ɗora a goshinta, ta riƙe shi can fiye da yadda ake yi. Ba wanda ya faɗa mata taɓawa ɗaya ce a sake. Ban gyara mata ba.

Shinkafar na cinye ta don kar ta lalace.

Talata, 27 ga Nuwamba, da la'asar

Na je aji don in karɓi hulata da na bari. Yaran sun tsaya layi suna ɗora hannuna a goshi ɗaya bayan ɗaya, mai jan gashi har ya gwara mini ƙashi. Na ce masa ya aske kan nan kafin uwarsa ta mutu da baƙin ciki. Ya ce, "Ubanka ne mai kamfanin lantarki?" Malama ta ce wannan ba amsar ba ce. Na ce a ba shi maki.

Ta ce akwai allon da ake ganin mutum daga nesa. Kowace Talata za su kira ni daga aji, yara su yi mini tambayoyi, daga baya Chinatsu ta kai wa uwarta wayar. Na ce ni ba na ɗaukar wayar Japan, ta tambayi kowa a Taal.

"Na sani, Tatay," in ji ta. "Za mu yi ta kira. Wani ya koya mana ba a tafiya."

Alhamis, 29 ga Nuwamba, da safe, filin jirgi

Jiya aka kawo Minyang gida. Na yi mata sallama. Ba zan rubuta wannan ba.

Okabe ya ɗauko mini jaka har nan. Ya ajiye waya a aljihu, ya ce "Tatay" da bakinsa, ya ƙara wata kalma da ban gane ko wane yare ba ne. Na karɓi jakata. Har yau bai zo neman aure ba, kuma na faɗa wa yarinyar ta gaya masa ina jira.

Ni kaɗai zan sauka Manila. Zan je wurin Luming in ce mata ban kawo ta ba, ta yi fushinta, na iya lallashi. Hantsakin na bar musu. Kwalayen nan kuwa sai na yanke igiyarsu, don ɓeraye kawai.

Ban huce ba, kowa ya ji. Na dai tambayi Malama ƙarfe nawa ajin Talata yake kamawa a agogon gida. Ta ce tara da rabi na safe. Na rubuta a bayan littafin nan, don in san lokacin da ba zan ɗauka ba.